Shekarar da Na Mai da Iya Mayya

Kwanan baya na shigo falo na iske ku jikokina kun cure wuri ɗaya kamar 'yan tsaki, kun kashe fitila da gangan, kuna kallon wani abu mai dogayen farata yana bin mutane cikin daji. Kowa ya rufe ido da hannu, amma yana leƙe ta tsakanin yatsu. Na ce a kashe, kuka yi mini caa, wai Kaka ba ki san daɗin abin ba. Ni ce ban san daɗinsa ba? To ku gyara zama. Na san shi tun ba a haifi iyayenku ba, kuma ni ba mai ci ba ce kawai, ni nake dafa shi in raba wa unguwa. Abin da zan faɗa a nan ko kakanku ban gaya wa ba har ya koma ga Allah. Iyayenku sun san dai muna da dangi a Manga da ba ma zuwa wurinsu, kuma an gaya musu wata rigimar kasuwa ce ta raba mu. Ba rigimar kasuwa ba ce. Ni ce.

Ina da shekara goma sha uku a lokacin, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Gidanmu yana Zuru, can wajen gindin dutse. Baba tela ne, kekensa a zaure, mutum mai sanyin magana wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Inna kuwa 'yar Manga ce, Badakkariya, ko in ce daga Lelna kamar yadda kuke faɗa yanzu, ta musulunta ne da ta aure shi. Uwarta ta rasu tana jaririya, sai matar kawunta ta ɗauke ta, ta ba ta nono tare da nata ɗan, ta rene ta har aure. Wannan matar ita muke kira Iya. Maginiyar tukwane ce. Duk ranar kasuwa takan sauko da tukwane a ka cikin raga, in ta gama ciniki ta biyo gidanmu ta sha ruwa, ta ci tuwo, ta kwance mana gujiya daga bakin zane. Gajeriya ce, haƙoranta na gaba a feƙe irin na mutanen dutse na da, farcen babban yatsanta na dama kuma a tsage yake tun tana yarinya. Hausarta ba ta da yawa, da Dakarci muke hira da ita. Kuma tana da wata ɗabi'a da kowa ya san ta da ita: ba ta wuce jariri ba ta ɗora masa hannu a ka ta yi masa 'yar waƙa ba, ko na wane ne.

In kaka ta wuce gyaɗa ta bushe, matan unguwarmu sukan yi gayyar ɓara, yau gidan wannan, gobe gidan waccan. Da an ci tuwo sai a hura wuta a tsakar gida, a zube gyaɗa a tabarma, a zagaye ta. Aiki ne mai cin yatsu da kawo gyangyaɗi, kuma maganin gyangyaɗi tatsuniya. Wata rana tsohuwar da ta saba yi mana tana mura, aka ce wa zai karɓa, na ce ga ta nan ga ta nanku, shi ke nan ban sake komawa cikin masu saurare ba. Tun da wuri na gane abin da manya ke so. In na kawo ta dariya, sai a yi dariya a ci gaba da hira a kaina. In na kawo ta tsoro kuwa, tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas na ɓawon gyaɗa, hannuwa su ƙara sauri ba tare da masu su sun sani ba. Sai ka ga mata suna jan jiki suna matsowa, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, wadda ba ta ga maciji da wata ma ta jingina da ita. In na iso wurin da abin zai faru, sai in yi shiru, in ɗauki gyaɗa ɗaya in ɓare a hankali kamar na manta da su.

"Ke Talatu, don girman Allah ƙarasa, kin tsai da mini numfashi."

"A'a, kar ta ƙarasa, ni ba zan iya komawa gida ba."

Mai cewa kar in ƙarasa ita ke riga kowa zuwa gobe.

Na daɗe ina tunanin me ya sa. Matan nan ba tsoro suka rasa ba. Da yawansu mazansu na soja, ba su ma san garin da suke ba. Da wuya ka sami wadda ba ta binne ɗa ba, in ba ƙyanda ba zawo, in ba zawo ba zazzaɓi. Wancan tsoron ba a san inda ya fara ba balle inda zai ƙare, ba a faɗinsa da baki, kuma ba mai zama kusa da ke ya taya ki jinsa. Nawa kuwa yana da ƙurunƙus. Za ki ji tsigar jikinki ta tashi, gabanki ya faɗi, amma ga wuta, ga ƙafar maƙwabciyarki a jikin taki, ga ɗanki yana barci a bayanki kina jin ɗuminsa. In na rufe, a sauke numfashi tare, wata ta ƙyalƙyale da dariya, a zage ni da wasa, a raka juna gida. Mace ta tashi jikinta sakayau kamar wadda ta yi kuka ta ƙoshi. Ni kuma abin da nake samu ya fi nasu. Yarinyar da ake aika ɗebo ruwa da wanke tukunya, ga ta zaune da numfashin manyan mata a hannunta, in ta so ta riƙe, in ta so ta saki. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa ɗanɗana abin da ya kai wannan daɗi ba.

Sai dai tsoro ma yana tsufa. Dodo da kura suka fara gundurarsu, don sun san ba dodo a Zuru. Na lura duk lokacin da na sa wani abu da suka sani, kamar tsamiyar bayan kasuwa ko rafin da muke wanki, abin ya fi kama su. Gwargwadon kusancinsa da ƙofar gida, gwargwadon daɗinsa. Sai na shiga neman abin da ya fi tsamiya kusa.

A daminar shekarar nan Inna ta kai ni Manga na yi kwana uku a gidan Iya. Bayan rumbunanta akwai wata 'yar bukka da ta ce kar yara su shiga, don haka na shiga. Na iske tukunya a kife, a samanta an gina kan mutum, ya ɗaga fuska sama, baki a buɗe, lakar ba ta gama bushewa ba. Na fito da gudu, amma kafin yamma na sake komawa na leƙa har sau biyu. A hanyar dawowa na tambayi Inna. Ta murɗe mini kunne tukuna, sannan ta gaya mini tukunyar kabari ce. In babban manomi ko maharbi ko ɗan kokawa ya mutu, ita ake ɗora masa a kan kushewa don girmamawa, kuma ba kowace maginiya ke da izinin yin ta ba, gado ce. Ina so ku riƙe wannan da kyau, don kar wani ya zo ya wanke ni da cewa yarinta ce da rashin sani. Na san gaskiyar abin sarai.

Ranar da na yi ɓarnar a gidan Gwaggo Hajo ake ɓara, wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ba a musu da ita a unguwa. Inna ba ta nan, tana gida da ƙanwata, tana jegon ƙanena. Na ce musu akwai wata tsohuwa maginiya a wani gari kan dutse. In ta sauko kasuwa sai ta ɗora hannu a kan jariri tana waƙa, uwar tana murna, ashe awo take yi. In ta koma gida sai ta shiga bukka ta gina kansa da laka, baki a buɗe, ta danna babban yatsa a tsakiyar kan. Yadda lakar ta loɓa haka maɗigar jaririn za ta loɓa, yadda lakar ke bushewa haka shi ma zai riƙa bushewa a bayan uwarsa. Ban ambaci sunan kowa ba, ban ambaci gari ba. Amma da na ga idanunsu a hasken wuta sai daɗi ya ɗebe ni, na ƙara abu ɗaya da ban shirya ba. Na ce in ka duba lakar za ka ga shaidar farcen, don a tsage yake.

Ƙas-ƙas ɗin ya tsaya. Na yi ƙurunƙus, ba wadda ta yi dariya. Wata matar soja mai suna Asabe ta kwance goyonta daga baya ta dawo da shi gaba ta rungume. Gwaggo Hajo ta dube ni ta saman wuta.

"Ina kika ji wagga?"

"Tatsuniya ce, Gwaggo."

"Na ji," in ji ta.

Na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta kayar da gwanin kokawa. Sau uku aka sake roƙona ita, sau uku na bayar, kowane karo tana ƙara kyau. Sai wata rana a rafi na ji ta a bakin wata mata tana ba wa baƙuwarta, ba ga ta nan a farko, ba ƙurunƙus a ƙarshe, kuma da sunan Manga a ciki. Na ci gaba da wankina, na ce zai wuce. Iya ta zo kasuwa biyu bayan haka. Na ga da idona yadda mata ke juya mata gaba don goyonsu ya yi nisa da hannunta. Ta ce wa Inna matan unguwarku sun fara girman kai, suka yi dariya su biyu, ni ina gefe ina tankaɗe kamar ban ji ba.

Ɗan Asabe sunansa Ɗanjuma, watansa takwas. Shi ne na uku da ta haifa, kuma shi kaɗai ke raye. A kasuwa ta biyun Iya ta ci karo da su a ƙofar gidanmu, ta ɗora masa hannu kafin Asabe ta kauce. Bayan 'yan kwanaki zawo ya kama shi, kwana uku yana yi, ranar kasuwa ta gaba da safe kuma maɗigarsa ta loɓa.

Azahar ba ta yi ba. Iya na zaune a tsakar gidanmu tana cin tuwo, tukwane huɗu da ba ta sayar ba suna jingine da bango, Inna na ba ƙanena nono. Sai na ji keken Baba ya tsaya a tsakiyar ɗinki, na ji muryoyi a zaure, na ji wasu kuma a waje, na samari. Mata suka shigo ba sallama, Gwaggo Hajo a gaba. Asabe ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Durƙusawa ta yi a gaban Iya, ta shimfiɗe yaron a ƙasa. Ya yi laushi kamar tsumma, idanunsa sun faɗa, tsakiyar kansa kuwa kamar an danna da yatsa.

"Iya, ki sakar mini ɗa. Shi kaɗai ya rage mini. Ki ɗauki akuyata, ki ɗauki abin da kike so, ki sake shi."

Iya ta juya ga Inna da lomar tuwo a hannu.

"Mi take cewa?"

Inna ma ba ta gane ba, sai da Gwaggo Hajo ta warware mata zancen tun daga awo har bukka har farce, tiryan-tiryan, kamar a gabanta aka yi. Da kalmomina ta faɗa. Har inda nakan yi shiru ita ma ta yi shiru. Inna ta miƙe da jariri a ƙirji.

"Wane ɗan banza ya shirya wannan ƙarya?"

Duk suka juyo suka dube ni. Ina iya yin shiru a lokacin, kuma na yi tunanin yin shirun, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya buɗe mini baki Iya ce, da ta yi mini murmushi, don ta ga ana kallona ta ɗauka wani laifin yara na yi.

"Ni ce," na ce. "Ni na ƙaga ta. Wallahi ba wanda ya gaya mini, daga kaina na fid da ita don a ji daɗin ɓara. Iya ba ta yi komai ba."

Na ɗauka da na faɗi haka an gama, za a yi mini duka a watse. Baba ya shigo, mai unguwa ya tsaya a bakin ƙofar zaure da sandarsa. Baba ya dafa kafaɗata.

"Talatu, ki ji tsoron Allah. Abin da aka tambaye ki, gaskiya kawai."

Mai unguwa ya ce, "Kin je Manga da damina?"

"Na je."

"Kin ga kan mutum na laka a gidan matar nan, baki a buɗe?"

Na dubi Baba. Ya ƙara matse kafaɗata, shi a zatonsa zan ce a'a ne. Na dubi Iya, wadda ba ta ma san na taɓa shiga bukkar ba.

"Na gani. Amma na kabari ne, na manyan..."

Ba a bar ni na kai ƙarshe ba. Salati ya tashi, zancen ya fita zaure ya kai waje, na ji samari sun ɗauka. Inna tana ta bayani da ƙarfi, tana cewa al'adarsu ce, na matattu ne, girmamawa ce. Gwaggo Hajo ta ce ai mu ma kabarin muke magana. Wata ta ce yarinya ba ta ƙaga irin wannan, gani ta yi. Wata ta ce ku dubi yadda tsohuwar ke kallonta, ɗaure mata baki ta yi, shi ya sa take janyewa. Na yi kuka, na yi rantsuwa, na ce ku doke ni. Ba wadda ta ko ɗaga mini hannu. Sai daga baya, da na yi nawa jegon na binne nawa ɗan, na gane abin da ya faru a tsakar gidan nan. Ba sa so ta zama ƙarya. Zawo ba shi da fuska, ba a durƙusa masa, ba a yi masa tayin akuya. Mayya kuwa ana iya roƙonta. Ni na ba Asabe wadda za ta roƙa, sannan na zo ina so in ƙwace a ranar da ta fi bukata.

Sai Gwaggo Hajo ta juya ga Inna, ta sassauta murya, kuma wannan sassaucin ya fi hayaniyar ban tsoro.

"Kin san maita a nono take. Muna jin ita ta rene ki. Ta shayar da ke?"

Kowa ya san abin da tambayar ke nufi. In Inna ta sha, to ni na sha, ƙanwata ta sha, jaririn da ke ƙirjinta yana sha a lokacin. Inna ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta dubi Iya ba.

"A'a. Da nonon akuya aka rene ni."

Hausar Iya ba ta da yawa, amma ta kai nan. Ta mai da lomar cikin akushi, ta goge hannunta a ƙasa.

Mai unguwa ya ce shi ba zai iya riƙe samarin da ke waje har la'asar ba. Abin da aka saba shi za a yi: maza su fita, wadda ake zargi ta tuɓe, ta tsallake maras lafiya sau uku, ta kuskure baki a ba shi ruwan. In ta yi, shi da kansa zai raka ta bayan gari. Baba ya fara magana, mai unguwa ya ce masa Malam, ko wannan ko duwatsu. Inna ce ta fassara wa Iya, tana kallon ƙasa. Wata daga baya ta ce mi ne abin wahala ga mutanen dutse, da ma ba su damu da sutura ba. Haka mutanen gari suka ɗauka. Ba su san cewa mace ta yi noma da ɗan abin rufe jikin da al'adarsu ta ba ta daban ne, a tsai da ita a gaban baƙi a ce ta cire daban ne ba.

Zanen da ke jikinta baƙin saƙi ne da Baba ya ɗinke mata, ba ta ɗaura shi sai za ta sauko gari. Ta kwance shi, ta ninke shi hankali kwance, ta ɗora a kan turmi. Tsohuwa ce, ta haifi shida ta shayar da bakwai, kuma duk wannan yana rubuce a jikinta. Ta tsallake yaron, ta juyo, ta tsallake, ta juyo, ta tsallake. Ta kuskure baki a ƙoƙo, Asabe ta ɗiga masa. Da yaron ya motsa ya yi ɗan kuka, sai na ga Iya ta sunkuya, hannunta ya tafi wajen kansa don sabo, ya tsaya a hanya. Ta ɗaura zanenta ta fita, ba ta ɗauki tukwanenta ba, ba ta yi wa kowa sallama ba. Baba da mai unguwa suka sa ta tsakiya har hanyar Manga. Baba ya dawo da jini a kunne, dutse ɗaya ya same shi.

Tun kafin ya dawo na riga na ga ramin da na haƙa mata. In yaron ya mutu, ita ta cinye shi. In ya rayu, ita ta sake shi. Baba bai ko wanke kunnen ba ya sa Asabe gaba zuwa ɗakin shan magani, aka yi kwana biyu ana ba yaron magani da ruwa cokali-cokali. Ya rayu, har ya girma ya tuƙa babbar mota ya tara iyali. Unguwa ta ce kun gani, ta sake shi. Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen tukunyar Iya, ba a Zuru ba, ba a kasuwannin kewaye ba. Inna ba ta doke ni ba, kuma na so ta doke ni. Daina kiran sunana ta yi, sai dai ke. Ta rufe tukwanen nan huɗu da tabarma, muna wuce su safe da yamma. Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne, mako bai cika ba Gwaggo Hajo ta aiko wai in zo, ana ɓara a gidan ɗiyarta, mata na tambayata. Na ce a gaya mata ba ni da lafiya.

Ana gab da saukar ruwa Inna ta yaye tabarmar wata safiya ta ce, "Ke, ɗauki biyu." Muka kama hanyar Manga har muka hau dutse. Wannan ne zuwana na ƙarshe, kuma ganina na ƙarshe da Iya. Muka iske ta zaune a gindin rumbu, hannuwanta fes, ba ɗigon laka. A cinyarta akwai 'yar jikarta Ladi, 'yar shekara huɗu, wadda uwarta ke gona, kuma da Iya take kwana da ita take tashi. Inna ta sauke tukwane ta faɗi a gabanta tana kuka.

"Tashi," in ji Iya da Dakarci. "Da ni ce da 'ya'ya uku a gabana, ni ma akuya zan ce."

Sannan ta juyo gare ni. Ba fushi a fuskarta, kallona kawai take kamar tana duba tukunya ko ta tsage.

"Ke ce mai bakin. An ce kowa a Zuru ya ji, har Dirin Daji an ji. Ni kaɗai ban ji ba. Ba ni."

Inna ta ce Iya ki bari, don Allah. Iya ta ce da ita aka yi labarin, tana da haƙƙin ji. Na fara, murya ƙasa-ƙasa, ina haɗiye rabi, ina sauri in gama. Ta ɗaga hannu.

"Ba haka kika ba su ba. Da haka kika ba su, da yau ina kasuwa. Ba ni yadda kika ba su."

Na sake farawa, da Dakarci. Rana tsaka, ba wuta, ba gyaɗa. Yaran gidan suka ji ana labari suka taho ɗaya-ɗaya suka zauna a ƙasa. Kuma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ban kai tsakiya ba muryar ta dawo da kanta. Na ga yaran suna matsowa jikin juna, bakunansu a buɗe, sai na yi shiru a inda nakan yi shiru, na ja a inda nakan ja. Hawaye na zuba a fuskata, matar da na kashe wa sana'a da suna tana zaune a gabana, amma can cikin ƙirjina daɗin nan ya taso, shi ɗin dai, bai ragu da komai ba. Na ji shi, na ji kunyarsa, kuma ban tsaya ba.

Da na iso wurin yatsa da farce, Ladi ta sunkuyar da kai ta dubi hannun da ke riƙe da cikinta. Ta daɗe tana kallon babban yatsan. Sai ta zame a hankali daga cinyar, ta ja da baya, ta ja da baya, har ta jingina da rumbu.

"Ya isa," in ji Iya.

Ta kira sunan yarinyar, ta miƙa mata hannu, ta fara 'yar waƙar nan tata. Ladi ba ta zo ba. Hannuwanta biyu ta ɗora a tsakiyar kanta ta rufe. Iya ta bar waƙar, ta mai da hannunta cikin zane.